Shin in ɗauke Baba daga Garwa kafin bazara ta kama?

Ɗan Garwa mazaunin Ngaundere:

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan mahaifina, wanda shekarunsa suka haura 75, kuma yake zaune a gidanmu na Garwa, a arewacin Kamaru, tare da ƙanwata da 'ya'yanta tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Hunturu ba ya wahalar da shi sosai, in ban da kaushi da tari da ciwon gwiwa da asuba, waɗanda man kaɗe da ruwan ɗumi kan lallaɓa. Bazara ce take ba ni tsoro. Duk wanda ya san Garwa ya san yadda Maris da Afrilu suke a kwarin Binuwai, inda zafi kan kai digiri 40 har ya wuce, dare ya raba amma bangon ɗaki bai huce ba.

Bara a irin wannan lokaci ƙanwata ta same shi a zaure bayan azahar, buta a gabansa, ya kasa tuna ko ya yi alwala ko bai yi ba, yana kiranta da sunan marigayiya. A asibiti suka ce ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa, aka yi masa ƙarin ruwa, ya dawo hayyacinsa. Ga shi kuma da hawan jini.

Ni a Ngaundere nake aiki, gari ne na kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,000, kuma zafinsa bai kama ƙafar na Garwa ba. Na roƙe shi ya zo ya zauna da mu wata uku har ruwan farko ya sauka, sai ya ce da ni, “To wa zai buɗe masallaci da asuba?” Shin in matsa masa, ko in ƙyale shi?

Dattijo daga Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan kulawa. Ni sa'an mahaifinka ne, saboda haka bari in faɗa maka abin da wataƙila kunya ta hana shi faɗa. Idan mutum ya kai shekarunmu, abin da ke tashinsa daga shimfiɗa shi ne sanin cewa akwai inda ake jiransa. Makullin masallacin nan da kake gani ƙaramin abu, shi ne aikin da ya rage masa. Ɗana ya taɓa kai ni Yawunde na yi wata biyu, ba a rage ni da komai ba, amma na wuni ina kallon bango, babu wanda ya san ni balle ya tambaye ni labarin masakwar bana, wato dawar rani, ko ya kira ni ɗaurin aure. Na dawo a rame. Ban ce kada ka kai shi ba, amma ka nemi yardarsa, kuma kada ya ji labarin tafiyar a bakin yara.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:

Malam, ko ya tafi ko bai tafi ba, akwai abin da ya kamata ku gyara tun yanzu. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar matasa, don haka ruwan jikinsu kan ragu ba su sani ba, kuma da yawa daga cikin iyayenmu maza suna rage shan ruwa da gangan domin kada alwala ta riƙa karyewa ko fitsari ya riƙa tashinsu cikin dare. Ku tambaye shi wannan a keɓe, cikin ladabi, domin idan fitsarin ne ke damunsa, matsala ce da ake dubawa a asibiti.

Wasu magungunan hawan jini suna ƙara yawan fitsari, shi ya sa ya dace ku kai wa likitansa kwalayen ya duba kafin zafi ya tsananta. Kada ku dakatar da kowane magani da kanku. A ajiye masa tulu kusa da inda yake zama, a sa jika ɗaya ya riƙa miƙa masa kofi bayan kowace salla, domin tsoho yakan ƙi umarnin ɗansa amma da wuya ya mayar da hannun jika. A rage gishiri da dunƙulen miya. Idan ɗakinsa rufin kwano ne, ya wuni a inuwar darbejiya ko rumfar zana, a riƙa jiƙa masa mayafi. Idan kuka ga ruɗewa irin ta bara, ko jiki ya yi zafi rau babu gumi, ku sanyaya shi da ruwa ku nufi asibiti nan take, kada a tsaya jiran la'asar.

Hajiya daga Injamena:

Ƙanena, zafinmu da naku ɗan juma ne da ɗan jummai. Abin da ya ja hankalina a bayaninka shi ne ƙanwarka, wadda take ɗauke da tsoho da yara ita kaɗai, kuma ita ce ta ga abin da ya faru bara da idonta. Ka tambaye ta abin da take so? Lokacin da mahaifiyata ta ƙi barin gidanta, mu ne muka raba watannin zafi tsakaninmu, kowa ya je ya yi kwanakinsa.

Ɗan Garwa mazaunin Ngaundere:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, gaskiya ban tambaye ta ba, kuma maganarki ta tsaya mini a rai. Na kira ta jiya da dare, ta ce Baba ya daina shan ruwa bayan magariba tun watanni da suka wuce, ita ma ba ta san dalili ba sai da na karanta mata bayanin malamar asibiti. Ranar Juma'a zan sauka Garwa in sha Allahu, mu kai shi wurin likita da magungunansa, sannan na nemi hutuna ya faɗo a Afrilu. Maganar Ngaundere kuwa zan bar ta sai mun zauna da shi da limamin unguwa, ko za a samu wanda zai riƙe masa makullin ko da na mako uku ne.