Zanen aro ba ya rufe katara: har da sirdi?

Ɗanbarga: Jama'a ku raba mu gardama. Ranar hawan Daushe na ari sirdin yayana na ɗaura wa dokina. Ko unguwa ban fita ba, ina taka likkafar hagu sai sirdi ya juyo da ni, na tsinci kaina rungume da wuyan doki, rawani a ƙasa, yara sai shewa suke. Wani dattijo da ya riƙe mini linzami ya ce, "Yaro, zanen aro ba ya rufe katara." Ni a sanina maganar mata ce da tufafinsu. Ina ruwan sirdi da katara?

Malamin Hausa: Ɗanbarga, ba a cin karin magana ɗanye. Zane an sayo shi daidai jikin mai shi, in mai aro ta fi ta jiki dole wani wuri ya leƙo. Duk abin da aka yi don wani ka yafa, haka zai yi maka. Dattijon bai yi kuskure ba.

Mai Harawa: Da izininka Malam, ni ban yarda ba. Wanda ya dace shi ne "ba a fafe gora ranar tafiya". Da ya gwada sirdin tun kwana uku kafin Sallah ai da ya gani. Aro ba laifi ba ne, rabin mahayan Sallah da kayan aro suke fita, kuma lafiya suke komawa gida.

Baba Baduku: Ku tsaya 'ya'yana, kuna ta ja kan magana ba wanda ya tambayi doki. Ɗanbarga, dokin yayanka siriri ne, naka kuma ya sha dusa da kanwa bayansa ya yi kamar ganga, ko ba haka ba? Sirdin katako ba ya lanƙwasa. In an sassaƙa shi don doki mai tsinin baya ka aza wa mai faɗin baya, a sama zai tsaya yana lilo, ko ka ja majayi, ɗamarar nan da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin ciki, har dokin ya yi nishi. In kuma sirdin ya yi wa doki faɗi, sai ya zauna kan ƙashin nan da ya taso tsakanin kafaɗu ya yi masa miki. Ka aza shi ba shimfiɗa, ka zura yatsu biyu ko uku a ƙarƙashin kwacciyar gaba, wato tudun nan na gaban sirdi. In ba su shiga ba, sauke. Bayan sukuwa ka duba gumi: in baya ya jiƙe duka amma ga wani ɗan wuri a bushe, nan yake danna shi. Farin gashin da kuke gani a bayan wasu dawaki tabon tsohon sirdi ne.

Ɗanbarga: Wallahi Baba kamar kana nan. Har bargo biyu na ƙara a ƙasa don ya zauna.

Baba Baduku: To ai su suka kayar da kai. Yawan shimfiɗa nesanta sirdi yake da baya. Kuma doki yana kumbura ciki in ana ɗaure shi. Ka ja shi ya yi 'yan taku, ka dawo ka ƙara jan majayi kafin ka sa ƙafa a likkafa.

Malamin Hausa: Kun ji ko? Sirdin ba na dokin ba ne. Magana ta dawo kan zanen aro.

Mai Harawa: Malam, rabin bayanin Baba kawai ka ɗauka. Sake jan majayi fa? Wannan sakaci ne, ko da sirdin gado ne sai ya juya.

'Yar Zage: Ni abin da ya ba ni dariya, katarar wa aka gani? A karin maganar mai aro ce take jin kunya. A nan doki aka yafa wa zanen, amma Ɗanbarga ne rawaninsa ya faɗi.

Baba Baduku: 'Yata kin fi su lura. Ɗanbarga, abu ɗaya ya rage. In ka samu sirdin da ya zauna daidai amma kullum gefe guda yake karkata, ka sa a ja dokin a gabanka ka kalli ƙafafun baya, wani lokaci ɗingishi ne a ɓoye. Kawo mini sirdin da dokin tare ranar Asabar, kada ka zo da ɗaya ka bar ɗaya.