Falsafa tana share hawaye, ko dai ɓata lokaci ce?

Nura: Jama'a, ina nan a kan bakana. Mai baƙin ciki ya fi buƙatar falsafa a kan "yi haƙuri" ɗin da muke jefa masa mu wuce. Ku dubi Efiktitas, bawa ne a daular Rum, ga gurguntaka, amma ya ce a raba abu biyu: wanda ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Lafiya, dukiya, bakin mutane, duk ba ka da iko a kansu. Naka shi ne yadda ka ɗauki abin. Shekara uku ina yawo da kwalin digiri a Jos ba aiki, wannan tunanin ne ya hana ni zaucewa.

Malam Auwalu: Nura, bi a sannu. Imam Gazali bai rubuta Tahafutul Falasifa, littafinsa na raddi ga masana falsafa, don wasa ba. Muna da imani da ƙaddara, muna da "inna ma'al usri yusra". Me za mu je nema wurin bawan Rum?

Nura: Allah gafarta Malam, a mas'ala uku ya kafirta su: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Wacce na faɗa a ciki? Shi kansa ai ya yi rubutu a kan manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja.

Malam Auwalu: Da tsinin allura ɓaraka take farawa.

Maman Zahra: Malam, a yi min afuwa in sa baki. Al-Kindi Musulmi ne, a Bagadaza ya rayu a ƙarni na 9, kuma yana da risala sukutum a kan yadda ake kore baƙin ciki. Ya ce duk abin da ke hannunmu aro ne, in mai shi ya karɓa, ba a yi mana fashi ba. Wannan ba "inna lillahi" ba ne aka warware shi? Da yarona ya rasu, kwana uku ana cika gidan, kowa "sai haƙuri". Da aka watse sai ni da dare. Abin da nake so a lokacin shi ne wanda zai zauna ya taya ni tunanin yaya ake haƙurin.

Alhaji Tanko: Duk na karanta. Ni ban yi boko ba, amma shagona na atamfa na cikin waɗanda suka ƙone a kasuwar Taminus ta Jos a 2002. Na tsaya ina kallon hayaƙi, ko takalmi ba ni da shi. Ba Efik-wane ya tashe ni ba. Maƙwabcina ne ya ba ni dila ɗaya bashi, ya ce in biya in na samu. Mai jin yunwa ba ya cin hikima, ɗana.

Nura: Baba Alhaji, gaskiya ne. Amma akwai waɗanda aka ba jari irin naka, suka kasa tashi. Me ya bambanta ku? Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, ya fito daga sansanin Nazi a 1945 ya tarar matarsa da iyayensa duk sun mutu. Ya ce wanda yake da abin da yake rayuwa dominsa ya fi jure wuya.

Alhaji Tanko: 'Ya'ya bakwai ne suka tashe ni, suna jiran abin kari.

Nura: To ai ka faɗi abin da ya faɗa ke nan!

Alhaji Tanko: A'a, shi ne ya faɗi abin da na sani.

Malam Auwalu: Maman Zahra, Allah ya sa mai ceto ne. Maganar Kindi ban ƙi ta ba. Tsorona yaro ya fara da ita ya ƙare a inda ba a dawowa. Nura, turo min risalar in duba da kaina, in da Larabci ce.