Ina da ciki wata huɗu, dasashina na zubar da jini: shin zan iya zuwa wurin likitan haƙori?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani a kan wani abu da ya hana ni sukuni. Cikina ya shiga wata huɗu, kuma tun makonni uku da suka wuce duk lokacin da na goge baki sai in ga kumfar makilin ta koma ja. Ban da wannan, akwai turmina na sama a gefen hagu da ya yi kogo, yana sara mini da daddare idan na sha ruwan sanyi. Surukata ta ce kada in kuskura in je asibiti, domin allurar kashe zafi tana taɓa jariri, kuma cire haƙorin sama yana raunana ido. A yanzu kanumfari nake cusawa a cikin kogon. Shin in jure har in haihu, ko in je?

Anti Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na shafe shekaru ina aiki a sashen haƙori, kuma shawarata ita ce ki je cikin makon nan, domin tsakanin wata huɗu zuwa shida shi ne lokacin da ya fi sauƙin yi wa mai ciki aiki: laulayi ya lafa, cikin kuma bai yi nauyin da zai hana ki kishingiɗa a kujera ba. Jinin dasashi abu ne da ake yawan gani ga masu juna biyu, saboda sauyin sinadaran jiki yana sa dasashi saurin kumbura idan datti ya taru a gindin haƙora. Maganinsa wankin haƙori ne a asibiti, wato kankare dattin da ya daskare, da ci gaba da gogewa sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, da buroshi mai laushi da makilin mai sinadarin fuloraid. Kada ganin jinin ya sa ki daina goge wurin, domin barinsa ne ke ƙara kumburin.

Allurar da ake yi a dasashi wurin kawai take kashewa, kuma ana yi wa masu ciki ita. Maganar ido kuwa ba ta da tushe, domin jijiyar gani daban take da jijiyoyin haƙori. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a bar kogon ya kai ga jijiya, ya tara mugunya, kunci ya kumbura, zazzaɓi ya biyo baya. Kanumfari yana ɗan kwantar da zafi amma ba ya tsayar da ruɓewa, kuma mai yiwuwa a yanzu ciko kawai haƙorin ke buƙata, ba cirewa ba. Ki faɗa musu watannin cikinki tun a bakin ƙofa, ki tafi da katin awonki. Kada ki sayi ibuprofen ko tetracycline a kemis; na biyun yana iya ɓata launin haƙoran abin da ke cikinki.

Hajiya Umma ta amsa:

Ƙanwata, ni na yi irin jinkirin da kike shirin yi, a cikina na uku. Na jure har wata takwas, ranar da na tashi kuncina ya kumbura har ba na iya buɗe baki in sha koko. Haƙorin da za a iya cikewa sai da aka cire shi, kuma idona lafiya lau har yau, ina karatun Alƙur'ani ba tabarau. Game da surukarki, kada ki yi jayayya da ita. Ki roƙi maigidanki ya yi mata bayani, ko ma ki nemi ta raka ki ta ji daga bakin likita.

Malam Abu Sadik ya amsa:

Allah ya raba lafiya. Ina da ƙari ɗaya a kan abin da Anti ta faɗa. Mutane da yawa suna cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗa ko su yi giɓi, alhali dattin da ya daskare ne ya riga ya cinye dasashi, cire shi kawai ke bayyana ɓarnar. Aswaki yana da amfani ƙwarai, amma ba ya kankare abin da ya riga ya sandare kamar dutse. Idan kuma tsabtar kayan aiki ce ke damunki, kina da damar tambaya ko an turara su a na'ura, ki kuma ga an ɓare sabuwar allura a gabanki.

Maman Ilham ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidan amsoshinku, kuma ya ce da kansa zai yi wa surukata magana yau bayan magariba. Ranar Litinin muke da awo, daga nan za mu wuce sashen haƙori in Allah ya yarda.