Wata guda da littattafan soyayya da na almara: abin da muka tattauna

Mun zauna da 'yan uwa masu son karatu kan yadda za a cika wata guda ana karatu ba a gaji ba. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a riƙa sirkawa: in ka gama labarin soyayya mai sa hawaye, sai ka ɗauko na aljanu da sadaukai don zuciya ta sarara. Wata yayarmu ta ce a fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, domin gajere ne, a zama biyu an gama.

An daɗe kan littattafan soyayya masu kashi uku ko huɗu. Kada ka fara sai duk kason suna hannunka. Ni kaina na taɓa kwana ina juyi saboda na rasa kashi na ƙarshe. Masu karantawa a waya kuma su rage hasken allo bayan Isha'i, ido ba ya son wahala.

Batun ƙayyade shafuka kullum dai ba a daidaita ba. Ni ina ganin awa ɗaya bayan La'asar ta wadatar.