Me za mu kira disk ɗin ambireyaj da Hausa?

Mai tambaya, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna tayar da injin wata tsohuwar moto, Honda CG125, samfurin da ya fara fitowa a 1975, ina kuma ɗaukar wa yaran gareji bayanin aikin da murya don waɗanda ba su yi lakwal ba. Da na zo kan ambireyaj, wato kulocin da ke haɗa ƙarfin inji da taya ya kuma raba su, sai na cije. A kasuwar Katako "disk" ake ce wa abin da ke cikinsa, wajen Konni kuma "filet ɗin kuloci". To, disk ma sunan na birki ne, yaro yana jin haka sai ya rikice. Wa ke da kalma?

Tsohon makaniki, Tawa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin suna, ka tuna disk iri biyu ne a cikin kwandon ambireyaj, an jera su ɗaya bayan ɗaya cikin mai. Akwai mai shafe a fuska, haƙoransa a waje suna shiga tsagin kwando. Akwai na ƙarfe zalla, haƙoransa a ciki. Ciwonsu daban ne. Mai shafe cinyewa yake yi, shi kauri ake aunawa: sabo yana kusan milimita 3, in ya sauka ƙasa da 2.6 ya gama aiki. Kuma kada a auna gefe guda a tashi, a zagaya shi, don ba daidai yake cinyewa ba. Na ƙarfe kuwa da wuya ya cinye, zafi ke karkata shi. A kwantar da shi bisa gilashi mai tsabta, a zura kal, wato siririn ƙarfen auna rata, ta ƙarƙashi. In ta milimita 0.2 ta wuce, a jefar. In ka ga ya yi shuɗi-shuɗi, ya sha wuta ke nan. Duk sunan da bai raba su ba, ni ban karɓa ba.

Malamar Hausa, Yamai:
Baba ya yi gaskiya. Na ga wasu na cewa "faranti". Ban so shi ba, faranti yana da baki da zurfi. Faifai ya fi: shimfiɗaɗɗe ne, kewayayye, kuma tuni Hausa ta ba shi aikin zamani tun faifan garmaho. Saura abin da za a liƙa masa. "Faifan riƙo" ya yi sanyi, kamar abin da ke riƙe kullum. Wannan kuwa yana cafka, ka matsa hannu ya saki, ka saki hannu ya sake cafka. Ina ganin "faifan damƙa".

Mai sayar da kayan moto, Tawa:
Malama, da girmamawa, ranar da yaro ya shigo shagona ya ce a ba shi faifan damƙa, zan tura shi wajen masu kayan saƙa. Shekara da shekaru muna cewa disk, ciniki bai tsaya ba.

Tsohon makaniki, Tawa:
Alhaji, cinikinka bai tsaya ba don kai ke tambaya "wane iri?" Ni damƙa ta yi mini, don ita ce ke nuna cutar. Ka ba moto wuta a kan hawa, inji yana kururuwa, tafiya ba ta ƙaruwa: damƙar ta saki. Amma kada a ɗora wa faifai laifi kullum. Resor, wato sifirin da ke matse faifan, in ya gaji yana gajarta, sai a auna tsawonsa a gwada da abin da littafin injin ya ce. Man mota mai santsi ma yana sa sulɓi, a nemi mai tambarin JASO MA. A duba tsagin kwando kuma, in haƙora sun sassaƙa masa matakala, ko sabon kaya ka sa ba zai saki da kyau ba.

Malamar Hausa, Yamai:
To ga rabon da Baba ya nema. Faransanci yana cewa ɗaya mai ado, ɗaya sumul. Mu ce "mai riga" da "tsirara"?

Tsohon makaniki, Tawa:
Mai riga ya zauna, har ma "rigar ta cinye" tana da daɗin faɗa. Tsirara kuwa, ƴata, a gareji cike da samari? Ba za a yi aiki ba ranar nan. A bar shi "ƙarfe".

Mai tambaya, Yamai:
Na gode Baba, na gode Malama. Ga yadda na ɗauka: ambireyaj yana nan da sunansa, faifan damƙa mai riga a auna kaurinsa, faifan damƙa na ƙarfe a gwada shi bisa gilashi, sabon mai riga kuma a jiƙa shi cikin man inji kafin a ɗaura. Alhaji, in yaro ya zo zai ce maka disk, kada ka damu. Yanzu saura kal ɗin nan da ake zurawa, wa ke da suna?