Taya iri ɗaya ga zirga-zirgar gari da tseren mota: zai yiwu?

Sani (Garwa): Jama'a, ina nan kan bakana. Taya iri ɗaya ta isa mutum ya yi harkokinsa na gari, ya kuma shiga tseren miƙaƙƙiyar hanya na mita 402. Don haka aka ƙera irin su Nitto NT555R da Mickey Thompson ET Street. Suna da tambarin DOT, ke nan a Amurka an yarda a hau titi da su.

Malam Buba mai faci: Sani ɗana, ai ka faɗa da bakinka, titin Amurka. Da gangan aka yi robarsu da taushi, don ta kama kwalta idan ta ɗau zafi. Shi ya sa direba yake murza su har su yi hayaƙi kafin ya tashi. Mu nan a watan Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kwalta ko da takalmi sai ka ji ta. Roba mai taushi cinyewa kawai za ta yi.

Abakar (Njamena): Baba Buba, cinyewar ma da sauƙi. Gefen tayar tsere laushi gare shi, don ya lanƙwashe wajen tashi. Ka bi da ita tsakanin Mora da Kusiri, rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya fito mata da ƙululu a gefe, kuma wannan ba ya facuwa.

Sani: Yaya Abakar, wa ya ce zan je Kusiri da ita? Cikin gari na ce.

Hamidu (Marwa): To cikin garin ba a ruwan sama? Tsagin jikin taya shi ke korar ruwa daga ƙarƙashinta, waɗannan kuwa tsaginsu kaɗan ne, ba zurfi. Ruwan Agusta ya kwanta a kwalta, ka taka birki, motar ta yi ta sulɓi, sitiyari ba ya jin magana. Ga 'yan kilando, masu hayar babur, gaba da baya.

Yusufa (Ngaundere): Ni ina bayan Sani rabi. Taya ɗaya za ta yi, amma ba wadda ya ambata ba. Motocinmu nawa ne ke da ƙarfin da zai sa tayar titi mai kyau ta riƙa juyawa a banza? Kamar Michelin Pilot Sport 4 ta wadatar, kuma tana riƙe hanya cikin ruwa. Sannan Sani, Corolla gare ka, da gaba take ja. Tayoyin da ke ja su ne na sitiyari, su ne kuma ke ɗaukar yawancin birki.

Malam Buba: Yawwa. Ga maganar iska: a gari wajen kilo 2.2 muke sawa, masu tsere kuwa suna sassautawa ƙasa da 1.5. Ka manta ka hau doguwar hanya a haka, taya ta yi zafi ta tarwatse. Kuma in ta hannu za ka saya, duba lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar roba ta riga ta bushe, kamun da kake nema babu shi.

Alhaji Ummaru: Ku dai ji tawa: kada in ji an yi tseren nan a hanyar jama'a. A nemi rufaffen fili da izinin hukuma.

Abakar: Haka ne, Alhaji. Sani, sayi wili biyu daban ka ɗaura masu taushin, ka kai su filin a but, ka sauya a can.

Sani: Kuɗin wilin fa? Har yanzu ban sauka ba, amma ta Yusufa ta shige ni. Malam Buba, gobe in Allah ya kai mu zan biyo ka duba min girman wilina.