Haƙori ne ke ciwo har muƙamuƙi, ko muƙamuƙin ne da kansa?

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum. Ciwo ne a muƙamuƙin ƙasa ta hagu, yana harbawa har kunne, yau kwana 5. Ruwan sanyi na tayar da shi, da dare kuma ya fi tsanani. Yaya ake bambance ciwon haƙori da na muƙamuƙi? Yaushe ne zuwa asibiti ya zama dole?

Mai Aikin Haƙori, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Malam, sannu, Allah ya sawwaƙe. Abin da ka kwatanta ya fi kama da haƙori. Ƙwayoyin cuta na cin ragowar zaƙi a baki, su fitar da tsami mai cinye ɓawon haƙori har rami ya buɗe. Idan sanyi ya taɓa ka ji zugi ya wuce nan take, ramin bai yi zurfi ba, ciko ya isa. Idan zugin ya daɗe bayan ka haɗiye ruwan, ko ya tashe ka cikin dare, ruɓar ta kai jijiya. Nan sai a wanke cikin saiwar a cike, ko a cire haƙorin. Jijiya ɗaya ce ke kai ji ga haƙoran ƙasa da gaban kunne, shi ya sa kake jin sa a kunne.

Duba turmin ƙarshe ma, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 da 25. Yakan fito a karkace, dasashi ya rufe rabinsa, abinci ya maƙale, wurin ya kumbura har buɗe baki ya yi wuya.

Na gaɓar muƙamuƙi daban ne. Ɗora yatsa gaban kunne ka buɗe baki: in nan ne ciwon, ko gaɓar na ƙara, kuma sanyi bai dame ka ba, to ita ce. Taune haƙora cikin barci da yawan cin goro ko cingam a ɓangare ɗaya na jawo shi. Da hunturu kuma mura mai toshe hanci kan sa turamen sama su yi ciwo gaba ɗaya, musamman in an sunkuya.

Nas daga Samaru:
Kafin ka ga likita: farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2 duk awa 6, kada ka wuce ƙwaya 8 a awa 24. Ibuprofen miligiram 400 duk awa 8 bayan cin abinci ya fi kwantar da kumburi, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. Kurkure baki da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, sau 3 ko 4 a rana. Kanumfari na dusashe zafi na ɗan lokaci, ba ya toshe rami.

Don Allah a daina ɗora asfirin, fetur ko ruwan batir a kan haƙori. Dasashi suke ƙonawa. Kafson kashe ƙwayoyin cuta na kemis ma ba ya warkar da ruɓa. Ya lafar da kumburin, bayan makonni ya dawo.

Likita, Sabon Gari:
Ciwon da ya wuce kwana 2 na buƙatar likitan haƙori, naka kuwa ya wuce. Amma akwai wanda ba a jira gari ya waye: kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, zazzaɓi, harshe ya ɗago, yawu ya ƙi haɗiyuwa, baki ya kasa buɗewa ko da faɗin yatsa 2. Ruwan ƙurji ne ke bin wuya, yana iya toshe numfashi. A wuce sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya kai tsaye. Mai ciwon sukari ya fi kowa haɗari.

Biyu kuma ba na haƙori ba ne sam. Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji, gumi ko haki, musamman ga mai hawan jini, zuciya ake fara zargi. Muƙamuƙi ya sandare kwanaki bayan taka ƙusa ko wani rauni, a yi tunanin tetanus.

Ɗan Kwarbai:
Na gode ƙwarai. Bayan na yi tambayar nan, ciwon ya ɗauke da kansa tun jiya. Sai in je duk da haka?

Mai Aikin Haƙori, Tudun Wada:
Ka je, Malam, cikin makon nan. Zugi mai tsanani da ya ɗauke haka kawai sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuma suna nan suna gangarawa ƙarshen saiwa. Ƙwanƙwasa haƙorin a hankali da bayan cokali. In ya amsa, ko ka ji kamar ya fi sauran tsawo, ƙurji ya fara taruwa. Za a ɗauki hotonsa kafin a yanke ko ciko ko cirewa.